Belun Uwani

A shekarun da Tudun Wada take sabuwar unguwa, gidajen zana sun fi na ƙasa yawa, akwai wani wanzami a cikinta ana ce masa Kailani. Mutumin ƙasar Kano ne. Ya biyo layin dogo tun ana shimfiɗa shi, yana yi wa leburori aski da ƙaho zango bayan zango, har jirgi ya iso Zariya aka sallami mutane, shi kuwa ya ga ba zai koma gida ba. Cikin birni ba a cika ba baƙo wuri da sauƙi ba, don haka ya kafa rumfarsa a wajen ganuwa, inda kowa baƙo ne, ba mai tambayar wani ɗan gidan wa. Ya auri wata yarinya mai suna Sakinatu, ya aika aka ɗauko masa tsohuwarsa Inna Atika, ya zauna.

Hannun Kailani abin yabo ne. Yakan aske mutum yana gyangyaɗi bai farka ba. In aka yi haihuwa a Tudun Wada ba shi aka kira ya cire wa jariri belu ba, to iyayen jiya suka sauka. Belu kuwa shi ne ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki, wanda ake cire wa jariri tun kafin suna don kada ya kumbura ya tokare masa wuya. Kailani ya cire na 'ya'yan mutane ba iyaka, na 'yarsa ma shi ya cire da hannunsa. Sunan kakarta aka sa wa yarinyar, shi ya sa ba mai faɗinsa a gidan, sai dai a ce Uwani. Tsohuwar kuwa ba ta kiranta da komai sai takwara.

Uwani na da shekara ɗaya da rabi, damina ta kankama, tari ya shigo unguwa. Ya faro mata kamar mura, majina da ɗan zafin jiki, abin da ba mai tashi tsaye saboda shi. Sai da aka kwana goma ya nuna ko shi wane ne. Tana zaune tana wasa da ludayi sai ya sarƙe ta, ya jero ɗaya kan ɗaya ba numfashi a tsakani, idanu su firfito, harshe ya fito waje, leɓe ya yi baƙi. Can sai ta ja iska da wata irin ƙara kamar ta ɗan zakara mai koyon cara, ta amayar da duk abin da aka sha wuya aka ba ta, ta langaɓe a jikin uwarta. Ranar da Kailani ya fara jin ƙarar nan yana wasa aska a zaure, hannunsa ya tsaya cak. Ya san ta. Tarin shiƙa ne.

Inna Atika ma ta san ta, amma ita da wani suna ta san ta. Tsohuwa ce gajera, idonta ya fara hazo, gwiwa ta ƙi, amma baki da ƙarfin zuciya suna nan yadda suke. Irin matan nan ce da in ta yanke magana, sai dai ka nemi yadda za ka zauna lafiya da ita. Ta aika Sakinatu ta kira mata ɗanta daga zaure.

"Belu ne," in ji ta, tun bai gama tsugunawa ba.

"Inna, ai na cire shi tun tana kwana uku. A gabanki aka yi."

"Rabi ka cire. Uba ba ya iya cire na 'yarsa duka, tausayi ba ya barinsa. Ya sake tofowa, shi ne yake sosa mata wuya. Ɗauko zabirarka."

Kailani ya ɗauki yarinyar ya fita da ita haske, ya lallaɓa ta buɗe baki ya duba. Wurin a shafe yake sumul, aikinsa na fari bai bar ko ƙanƙani ba. Ya dawo ya faɗa wa tsohuwa haka.

"Idonka ne bai gani ba," in ji ta. "Jinkiri ya cinye mini Salmanu. Ba zan zauna ina kallo ya ci takwara ba."

Da ta ambaci sunan nan Kailani ya sunkuyar da kai. Salmanu ƙanensa ne, autan Inna. Shekara ashirin ke nan, a can garinsu, irin wannan tari ya kama shi yana ɗan shekara biyu. Ubansu, wanda shi ne babban wanzamin garin, ya yi tafiya cin kasuwa. Kailani yana da shekara goma sha shida, ya fara riƙe aska ke nan. Inna ta yi mako biyu tana jiran maigida bai dawo ba, ranar nan ta durƙusa wa ɗan cikinta tana kuka, ta ce ya ceci ƙanensa. Ya buɗe bakin yaron bai ga komai ba, amma uwarsa na kuka, shi kuma yaro ne, ya ce a ransa bari ya ɗan taɓa wurin ko hankalinta ya kwanta. Aska na ciki tarin ya taso. Kan yaron ya fizgo gaba, aska ta shiga inda ba a aike ta ba, tari ya riƙa jan jinin zuwa ƙirji. Kafin la'asar Salmanu ya cika.

Inna ta ga jini, amma ai duk cire belu da jini. Abin da ta ɗauka shi ne an makara, da an yi tun makon farko da yaronta na nan. Da uban ya dawo ya ji yadda aka yi, bai ce komai a gida ba. Sai da suka fita bayan gari su biyu ya ce wa Kailani, ba tare da ya dube shi ba, "Ba a sa aska a bakin mai tarin shiƙa. Kada uwarka ta ji." Tsohon ya rasu da maganar a cikinsa, Kailani ya ci gaba da ɗaukarta shi kaɗai. To yanzu yaya zai ce wa uwarsa a'a? In ya ce aska na kashe mai wannan tari, za ta tambaye shi inda ya sani, daga nan kuwa taku ɗaya ne zuwa ga abin da aka ɓoye mata.

Ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce a bari jikin ya ɗan yi ƙarfi. Ya ce ranar ba ta da kyau. Ya karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ya kawo zuma, ya ce a gwada tukuna. Kwana uku Inna tana dubansa da idon nan nata mai hazo, a na huɗu da yamma ta ce masa, "In hannunka ya mutu ka faɗa mini. Gobe da hantsi zan goya ta zuwa Tudun Jukun, wurin Muntaka."

Muntaka wanzami ne shi ma, ba kuma mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya, ba ya musu da mai kawo aiki. Ka kai masa yaro ka ce belu ne, zai nemo abin da zai yanka. Kailani ya san uwarsa kuma. Da gwiwar nan tata da ta ƙi, za ta yi goyon ta kama hanya, ba mai tare ta, don Sakinatu ko ɗaga ido ba ta yi a gaban surukarta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun yana saurayi.

"Shi ke nan, Inna," in ji shi. "Gobe da safe zan yi."

Sakinatu ta tare shi a bayan ɗaki inda take shanya. Tun da aka fara ciwon nan ta rame kamar ita ce mara lafiyar.

"Maigida, ka ce babu komai a wurin. Me za ka yanka?"

"Ke za ki riƙe mata kai," in ji shi. "Duk abin da kika gani, ki bar shi a cikinki."

Da gari ya waye ya kama ɗaya daga cikin tantabarunsa ya yanka, ya ce romo za a yi wa mara lafiya. Wajen gyara ya yanko ɗan nama ja, bai kai ƙwayar wake ba, ya gyara shi da aska har ya yi siffar abin da ya cire sau ɗari, ya maƙale shi tsakanin yatsunsa. Mutumin da bai taɓa ha'inci a sana'arsa ba, ga shi yana sassaƙa ƙarya da hannun gwani. Kunya ta ishe shi, amma bai fasa ba.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna ta matso za ta kama kan yarinyar, Kailani ya ce, "Inna, hannunki ya fara rawa. Ki riƙe mana ƙwaryar ruwa, uwarta ta kama kai." Ta harare shi, amma ta san gaskiya ce, ta koma gefe da ƙwarya a cinya.

Bai fara ba sai da ya jira tarin ya zo ya wuce, don ya lura in ya tafi yakan ɗan ba da sarari. Uwani na kwance a cinyar uwarta, jiki ba ƙarfi, gumi ya jiƙe mata goshi. Ya yi bismilla, ya zaro 'yar askar cire belu mai lanƙwasa, ya ɗaga ta yadda tsohuwa za ta ga ƙyallinta. Ya rufe bakin yarinyar da tafin hannun hagu kamar mai buɗe shi, ya kai aska ƙarƙashin tafin, ya tsaga ɗan yatsansa. Askar ko leɓenta ba ta taɓa ba. Ya shafa mata jinin a baki da haɓa, yarinya ta tsala kuka don an matse ta, shi kuwa ya ɗago aska da ɗan naman tantabara a bakinta.

Sakinatu ta ga komai. Ta dubi yatsan, ta dubi fuskar mijinta, ta sunkuya ta rungume 'yarta tana hawaye. Inna ta ɗauka kukan tausayi ne.

"Miƙo nan," in ji tsohuwa. Ya ɗora mata a kan ganye. Ta kai shi dab da ido ta jujjuya. "Ka gani ko? Wannan ƙaton abu a wuyan 'yar mitsitsiya, ka ce babu komai. Allah ya yi maka albarka." Ta rarrafa bayan ɗaki ta tona rami da kanta ta binne. Rabon Kailani da ya ga fuskar uwarsa ta saki haka tun ranar da aka fara tarin. Albarkar da ta sa masa kuwa, ya kasa ce mata amin.

Tari dai bai san an yi masa wayo ba, ya ci gaba da abinsa. Inna ta ce sauran dattin ne yake fita. Kailani ya rage zaman rumfa, ya koma gida yana yin abin da ya ga yana taimako. Ya sa aka mayar da murhu can ƙarshen gida don hayaƙi na tayar da tarin. Ya ce kada a cika mata ciki, a bari sai ta yi aman ta huta a ba ta kunu ludayi biyu, a ba ta nono, an jima a ƙara. In tarin ya taso a zaunar da ita a sunkuyar da kai gaba, kada a kwantar da ita rigingine. Sakinatu ta riƙe wannan kamar karatu. Wuni take da yarinyar a jikinta, tuwon gidan ma sai maƙwabta ne suke tuƙa musu.

Wata ranar Laraba bayan azahar, ana yayyafi, tarin ya zo bai tafi da ƙarar da ya saba ba. Uwani ta yi ta yi har sauti ya ɗauke, baki a buɗe, iska ba ta shiga ba ta fita, jiki ya saki. Sakinatu ta kira mijinta da muryar da ba ta taɓa ɗagawa a gidan ba. Ya shigo a guje, ya kifa yarinyar a kan damtsensa, ya sa yatsa ya janyo majina mai yauƙi daga bakinta, yana bubbuga bayanta yana kiran sunan Allah. Inna na tsaye riƙe da bango, leɓenta na motsi. Ba wanda zai iya cewa tsawon wane lokaci aka ɗauka. Can sai ƙarar nan ta fito, mummuna kamar kullum, amma ranar ba su taɓa jin abu mai daɗinta ba. Kailani ya zauna daɓas a ƙasa da yarinyar a ƙirji. Abin da ke ransa shi ne, da akwai ɗanyen rauni a wuyan nan yau, da sai dai wani labarin.

Daga wannan rana abin ya fara ja da baya, a hankali ƙwarai. Tarin da ke zuwa sau ashirin a wuni ya koma goma, ya koma biyar. Aman ya tsaya. Gero na fitar da kai Uwani ta fara bin bango tana tsayawa, ƙafafu kamar sillen kara. Ran da ta fizge ƙosai daga hannun kakarta ta tura a baki, Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Takwara ta dawo, ɓarauniya."

Da a nan abin ya tsaya da an ji daɗi. Amma farin cikin tsohuwa ba ya zama a ɗaki. Inna ta ɗauki sandarta ta shiga unguwa, gidan barka, gidan gaisuwa, bakin rijiya, duk inda ta ji yaro na tari sai ta zauna ta ba da labari. Ta nuna girman belun da ɗan yatsa, kullum yana ƙara girma. Ta ce ɗanta ma da farko gardama ya yi, sai da ta tsaya masa. Ba don fahariya kawai take yi ba. Tausayin matan take ji, tana ganin ta riƙe maganin da aka hana ta shekara ashirin da suka wuce, ba za ta ɓoye wa kowa ba. Kailani yana rumfa yana aski, bai san nisan da maganar ta yi ba.

Wata safiya ya shigo gida ɗaukar ƙaho ya tarar da baƙuwa a tsakar gida, zaune kusa da Inna. Lauratu ce, matar wani mai ɗaukar kaya a tashar jirgi, gidansu na bayan masallaci. Ta kwanto goyonta ta ɗora a cinya, jariri ne ɗan wata uku, idanunsa sun yi ja saboda tari. Ta gaishe shi a ladabce, kanta a ƙasa.

"Ga aiki na kawo maka," in ji Inna. "Irin na takwara ne. Yi maza tun da sauran ƙarfinsa."

Kailani ya dubi jaririn, ya dubi ɗakin tantabaru. Gaskiya abin da ya fara zuwa masa ke nan: wata tantabarar, wani yatsan, kowa ya tafi da farin ciki. Ya ce wa Lauratu ta dawo gobe da safe.

"Don Allah Baba wanzam, a taimaka yau," in ji ta. "Uban ya ce in ba ka samu dama ba in wuce Tudun Jukun. Tun da aka ji labarin Uwani mata can suke ta zuwa, don an ce kai ba ka cika son yi ba. Yara uku Muntaka ya yi wa cikin makon nan."

"Uku," in ji Kailani. "Yaya jikinsu?"

"Biyu dai suna nan. Na gidan marina ne bai kwana ba, Allah ya ji ƙansa. An ce an makara kai shi."

Inna ta girgiza kai ta ce, "Kin ji ba. Jinkiri."

Kailani ya san gidan marina, shi ya yi wa yaron askin suna. Ƙaryar da ya yi don ya kare wuyan 'yarsa ta fita unguwa da ƙafar uwarsa, ta kai ɗan wani ƙarƙashin aska ta gaske. Ko tantabarun Zariya duka ya yanka ba zai tare wannan ba, don duk wanda ya yi wa na ƙarya ya warke, wasu uku za su tafi a yi musu na gaske. Ya ce wa Sakinatu ta shiga da baƙuwa ɗaki. Sannan ya ajiye zabira, ya tsuguna a gaban uwarsa, kusa ƙwarai, yadda bai yi ba tun yana yaro.

"Inna, ban cire wa Uwani komai ba."

"Kamar yaya? Ni na binne shi."

"Naman tantabara kika binne. Jinin kuwa nawa ne. Aska ba ta shiga bakinta ba. Da ta shiga, ina jin da Uwani ba ta wuce ranar Larabar nan ba."

Fushi ya fara hawa fuskar tsohuwa, fushin wadda ɗan cikinta ya mayar abin wasa. "Ni ka yi wa haka? Don me? Wa ya ce maka aska na yi wa mai tari illa?"

Ga tambayar da ya yi shekara ashirin yana gudu. Ya kafa ido a kan tabarma ya faɗa mata duka, bai rage ba: yadda ya buɗe bakin Salmanu bai ga komai ba, yadda tarin ya taso aska na ciki, inda ta shiga, da abin da ubansa ya faɗa masa a bayan gari.

"Ba jinkiri ba ne, Inna. Da an bar shi, wataƙila da ya tashi kamar yadda Uwani ta tashi. Hannuna ne."

Ya jira ta zage shi, ko ta ɗaga sanda. Da ta yi hakan da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta buɗe tafukan hannunta a kan cinya tana kallonsu kamar na wata.

"Ni na riƙe masa kai," in ji ta a hankali. "Yana ture ni, na danne."

"Inna, ba ki sani ba."

"Ni na durƙusa maka. Shekararka goma sha shida." Muryarta ta karye. "Babanku ya sani, kai ka sani, kuka bar ni ina ta zagin jinkiri. Kai kuma kana kallona kullum da wannan a cikinka, kana kawo mini goro."

Ta yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, sai kafaɗa da ke rawa. Kailani ma ya kasa riƙe nasa. Tausayinta ya cika shi har ya ji da ma ya haɗiye maganar ya mutu da ita kamar ubansa. Uwani ta taho tana dafa bango, ta tsaya tana kallonsu, ta ɗan yi tari guda biyu marasa ƙarfi, ta ci gaba da tafiyarta.

Inna ta share fuska da bakin zane. Ta ɗaga murya ta kira Lauratu, ta fito da jariri a kafaɗa.

"'Yar nan, goya ɗanki ki koma gida. Kada ki kai shi wurin kowa, kada ki bari a sa masa ƙarfe a baki. Abin da na faɗa miki ba haka ba ne, ba a cire wa takwara komai ba. Sakinatu za ta bi ki ta nuna miki yadda ta yi jinyar tata. In mijinki ya yi gardama ki ce ya zo ya same ni."

Lauratu ta dubi wanzami, ta dubi tsohuwa, ba ta gane duka ba, amma ta ga idanunsu. Ta goya ɗanta, Sakinatu ta yafa mayafi ta bi ta.

Tsohuwa ta laluba ta jawo sandarta. Ta yi yunƙuri sau biyu kafin gwiwa ta yarda ta miƙe.

"Ina za ki, Inna?"

"Gida bakwai na shiga da maganar nan, ban da bakin rijiya."

"Ki zauna, ni zan je. Ni na yi ƙaryar."

"Kai ka tafi Tudun Jukun ka faɗa wa ɗan'uwan sana'arka abin da babanku ya faɗa maka. Mata kuwa daga bakina suka ji, daga bakina za su yarda." Ta ɗan tsaya. "Ka san za a ce wanzamin Tudun Wada ya yi wa uwarsa wasa da naman tsuntsu. Wasu ba za su sake kawo maka kai ba."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannu a kan hularsa, ta bar shi nan ɗan lokaci, sannan ta nufi zaure tana dogara sanda. Ya bi ta a baya har ƙofar gida. Ya zaci za ta yi dama, wajen rijiya, inda gidajen suka fi kusa. Ta tsaya tana ƙifta ido cikin hasken rana.

"Gidan marina," in ji ta, "ta wace hanya ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa?"

"Inna, wannan ki bar shi zuwa gobe. Suna zaman makoki."

"Uwar yaron tana can tana cewa ta makara. Na san abin da kalmar nan take yi wa mutum. Gara ta ji haushina."

Ya nuna mata ta bayan masallaci, inda ba taɓo sosai. Ta kama hanya a hankali, tana tsayawa tana hutawa, shi kuma ya tsaya a ƙofar gida har ta sha kwana.